Alayyafon da Gishiri Bai Wanke Ba

An yi wani mutum, manomin lambu, a bakin rafin da ke bi ta bayan gari. Can sama da lambunan akwai filin da ake fasa tsofaffin baturan mota, dattin wurin kuwa cikin rafin yake gangarowa. Da ruwan nan kowa yake shayar da shukarsa. Alayyafon mutumin ya yi kore shar, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Shi ma yana ji da shi, gama da shi zai ciyar da gidansa a ranin nan.

Saura kwana uku a fara yanka, sai malamin gona ya dawo da sakamakon gwajin ganyen da ya ɗiba a lambun. Ya ce, "Baba, akwai gubar dalma a ciki. Saiwa ce ta sha ta, ta hau har ganye. Yara ta fi yi wa illa."

Ran mutumin ya ɓaci ƙwarai, don jikokinsa ma miyar ganyen za su sha.

Maƙwabtan lambu suka taru a kansa. Babbansu ya ce, "Haba ƙanena, wane ganye ne gishiri ba ya wankewa? Haka iyayenmu mata suke yi, a zuba gishiri, a ɗauraye sau uku, shi ke nan. Ka ja bakinka, kada ka kashe mana kasuwa."

Mutumin ya aika aka kawo gishiri. Ya wanke dami ɗaya sau uku a gabansu, ya miƙa wa babban.

"Ga shi, Yaya. Kai wa jikarka a dafa mata."

Hannun Yaya ya ƙi miƙuwa.

Nan take mutumin ya ɗauki fartanya ya tumɓuke fangalin farko. Suka ce ya haukace. Ya ce, "Ku kira ni abin da kuka ga dama. Ganyen nan ba zai shiga tukunyar kowa ba, ko akuyata ba za ta ci ba." Ya tumɓuke duka, ya koma tudu ya fara haƙa rijiya.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Ganyen shi ne rayuwarmu, rafin kuma abin da muke bari zuciya ta sha kullum. Farar rigar Lahadi da iya waƙar sujada gishiri ne kawai, bayan ganye suke wankewa. Zunubin da ya shiga ta saiwa, tuba ce maganinsa, da sabon ruwa daga wurin Ubangiji. Za a yi maka dariya, za a ce ka cika tsanani. Bar su su faɗa. Abin da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka ba ɗan wani.