Direban da Ya Hana a Faɗi Inda Suke Kwana

Masu ba da wannan labari suna cewa ma'aikaciyar laburare ce ta tona asirin direban nan. Ba haka aka yi ba. Ni tsohuwar shugabar makaranta ce, a teburin jaridu nake zama kowace safiya, kuma a gabana abin ya faru.

Direban mutum ne mai girman kai. Da gobara ta cinye musu ɗaki, sai ya koma kwana da iyalinsa a cikin motar da yake haya da ita. Da safe yakan sauke matarsa da 'yarsu Auta a laburare, inda akwai fanka da ruwan sha da banɗaki, ya wuce aiki. Ya ja musu kunne: "Duk wanda ya tambaya, gidanmu yana bayan layi. In hukuma ta sani, ƙwace yarinyar za a yi."

Ma'aikaciyar ta lura da bargon da ke leƙowa daga jakar matar. Ta ce mata a hankali, "'Yar'uwa, akwai ɗakuna a cibiyar unguwa. Ba a raba uwa da ɗanta, kuma akwai mai duba lafiya."

Matar ta ƙanƙame jakar. "Muna da gida, Anti."

Sai zazzaɓi ya kama Auta. Uwar ta ji tsoron asibiti, domin can ma za a tambayi adireshi. Kwana da kwanaki tana kwantar da ita a bayan kantar littattafan yara, tana rufe mata baki idan ta yi nishi. Ranar da ni da ma'aikaciyar muka ji kantar tana girgiza, muka tarar da yarinyar tana fizge-fizge, idanunta sun juye. Uwar ta tare mu.

"Don Allah, Mama, kada ku kira kowa! Babanta ya hana!"

Na ce, "Matsa, 'yar nan! Ko gawarta kike so ki miƙa masa?"

Ma'aikaciyar ta sunkuci Auta, ta ruga bakin titi tana tare motoci, aka kai ta asibiti. Yarinyar ta rayu, amma zazzaɓin ya kurmantar da ita. Babu wanda ya ƙwace ta daga hannun iyayenta. Ɗaki aka ba su a cibiyar. Yanzu direban yakan tsaya a ƙofar laburare ya ƙwala wa Auta kira, ba ta juyowa.

Rashin matsuguni jarrabawa ce, ba abin kunya ba. Laifin shi ne a ɓoye shi har ya nakasa yaro. Idan wannan jarrabawa ta same ku, ku je laburare ko cibiyar unguwarku, ku faɗi gaskiyar inda kuke kwana tun yaranku suna da lafiya.