Wutsiyar Dila a Shanyar Jatau

Ga ta nan, ga ta nanku, masu dogayen kunnuwa!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To, ke Tasalla, janye ƙafarki daga toka. Wannan labarin na kakan kakana ne, Jatau mai kilishi, saboda haka ba na son surutu.

Jatau yana da kare, sunansa Barsu. Maƙwabcinsa Ƙosau shi ma mai kilishi ne, shi ma yana da nasa karen. Amma horon Ƙosau abin dariya ne. Yau kare ya lashi nama ya sha sanda, gobe ya lasa a yi masa dariya, jibi Ƙosau da kansa ya jefa masa tsoka. Har kare ya rikice, bai san abin da ake so da shi ba.

Jatau kuwa, kai! Magana uku kawai ya koya wa Barsu: zauna, kama, saki. Kowacce sau ɗaya yake faɗin ta, ko ranar kasuwa ce, ko ranar Sallah. In Barsu ya yi, a ba shi ƙashi daga hannun Jatau. In bai yi ba, babu duka, babu ƙashi, a sake daga farko. Haka kullum har damina biyu.

Ana nan, sai ga Dila, sarkin kwaɗayi. Ya fara da shanyar Ƙosau. Ya ce wa karen, "Ɗan'uwa, ashe yau ranar lasa ce?" Kare ya ce, "Oho, wa ya sani?" Suka lasa tare, suka ci tare. Dila ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace.

Sai aka yi wa Jatau jika na fari. Ya yanka sansa guda ɗaya tilo, ya feɗe naman falle-falle, ya shanya a rana, don ya yi alkawari ranar suna kowa sai ya ci kilishi. In naman nan ya salwanta, ba shi da wani san, ba shi kuma da idon kallon surukai. Ya ce, "Barsu, zauna. Wanda ya taɓa, kama." Ya tafi neman yaji.

Ƙamshi ya ja Dila ta hanci har gindin shanya.

"Sannu da aiki, babban mutum. Ga ƙafar zabo na kawo maka."

Barsu ko kunne bai kaɗa ba.

"Mai gidanka ya aiko ni, wai ka je rafi ka huta."

Barsu ko kunne bai kaɗa ba.

"Haba, ɗan'uwa, yau ai ranar lasa ce!"

Barsu ko kunne bai kaɗa ba.

Dila ya ce a ransa, "Ashe dutse aka ajiye mini a nan." Ya miƙa wuya, ya ja falle ɗaya. Caraf! Barsu ya cafke wutsiya. Dila ya yi gabas, ya yi yamma, wutsiya tana nan.

"Wayyo! Kai da ka fi kowa murya, yi mana haushi ɗaya mu ji daɗi!"

Barsu ko kunne bai kaɗa ba.

Ihun Dila ya tara jama'a. Ga Ƙosau da taɓaryar matarsa, ga Jatau ya dawo da ƙullin yaji. Dila ya dubi taɓarya. Amma kun san Dila, ko a bakin kare kansa yana aiki. Sai ya fashe da dariya.

Jatau ya ce, "Ɓarawo, me ya ba ka dariya?"

"Ranka ya daɗe, jama'ar nan nake wa dariya. Wai suna cewa karenka na jin magana. Ina! Daɗin wutsiya ya ji. Kowane kare ya iya kamawa. A ce masa ya saki a gaban mutane mu gani. Ko sau goma ka faɗa ba zai saki ba."

Ƙosau ya ce, "Wallahi da gaskiyarsa, nawa ma ba ya saki."

Nan fa ran Jatau ya sosu, don mu zuriyar nan ba a taɓa mana aikin hannunmu. Ko murya bai ɗaga ba, ya ce, "Barsu, saki."

Kafin ya rufe baki Barsu ya buɗe nasa. Dila ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba! Sai ƙura. Amma rabin wutsiyar ya riga ya gutsure, yana nan kwance a ƙasa.

Ƙosau ya ɗaga taɓarya. "Matsa, Jatau, in koya wa karen banzan nan hankali. Ya saki ɓarawo!"

Jatau ya riƙe masa hannu. "A'a, maƙwabci. Na ce kama, ya kama. Na ce saki, ya saki. In akwai wanda Dila ya yi wa wayo, ni ne." Ya zura hannu a aljihu ya ciro ƙashi, a gaban kowa ya miƙa wa Barsu. Aka duba shanya, ko falle ɗaya bai ɓace ba, har wanda Dila ya ja yana nan.

Ranar suna gari duka ya ci kilishi har muƙamuƙi ya gaji. Wallahi duk sanda na tuna da ƙashin nan sai na ji kaina ya kumbura. Dila kuwa ya shiga daji yana gaya wa kowa wai zafi ya yi yawa, shi ya sa ya rage wutsiya.

Kurunkus kan guntun wutsiya! Wanda duk zai je satar kilishi a cikinku, ya fara tambaya ko mai karen sau nawa yake magana. In sau ɗaya ne, ya bar wutsiyarsa a gida.