Keken Dogara da Ƙafafun Gayus

A wani gari, tun zamanin da mota ba ta shigowa sai ranar kasuwa, akwai wani mutum mai suna Gayus. Gajere ne, in ya zauna a bencin majami'a ƙafafunsa lilo suke yi. Wansa Dogara kuwa sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kowa. Dogara mai bishara ne. Kowace Lahadi yakan hau kekensa na tsere, mai siraran tayoyi da kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago, ya tafi wani ƙauye a bayan dutse ya bi da sujada. Tun daga rafi ake jin ƙararrawarsa, mata su sauke tukunya su ɗaura ɗankwali.

Da Ubangiji ya kira Dogara gida, keken ya watse. Wannan ya ari taya, wancan ya ari sirdi, har aka bar firam ɗin kaɗai, wato ƙashin keken, rataye a zaure. Wata bakwai ba wanda ya je ƙauyen nan. Sai mutanen ƙauyen suka aiko cewa in ranar godiyar kaka ta wuce ba mai wa'azi, za su zuba gyaɗa a ɗakin sujadar, ya zama rumbu. Dattawan ikilisiya suka ɗora wa Gayus aikin, ya kuwa aika cewa yana zuwa.

Ya sauko da firam ɗin, ya goge shi da hannun riga, ya kai wa Baba Zakka mai gyaran keke.

"Baba, a haɗa mini shi yadda yake a da."

Baba Zakka ya dube shi ta saman tabarau, ya dubi firam, ya sāke dubansa. "Uhm. Uhm-uhm. Cire takalmi."

Tsohon yana da ka'ida: ba ya haɗa wa mutum keke sai ya auna shi. Ya sa tayoyin gwaji, ya ce, "Tsaya a kansa, ƙafa nan, ƙafa can. In yatsuna uku ba su shiga tsakaninka da sandar nan ba, ba naka ba ne."

Gayus ya ɗaga ƙafa da ƙyar, ya tsaya a kan 'yan yatsu yana rawa.

"Yatsu uku? Ko gashin kaza ba zai wuce ba. Sauko, ɗana, kafin ka ji wa kanka ciwon da ba ya faɗuwa a gaban surukai." Ya jawo wani ƙaramin firam kore daga bayan rumfa. "Ga naka."

"Haba Baba! Wannan na 'yan makaranta? Mutanen can keken Yaya suka sani."

Tsohon ya yi magana har ya gaji, ya haɗa masa babban. Gayus ya sassaƙa katako biyu, ya ɗaure a kan feda da tsohuwar roba don ƙafarsa ta kai. In zai hau, sai ya kife turmi ya taka, matarsa Damaris tana riƙe da sirdi. Bai tsaya nan ba, har gyaran muryar marigayin ya ara. Yana bayan ɗaki sai a ji, "Ehhem! Ehhem! Jama'ar Allah!"

Damaris ta leƙo. "Maigida, mura ce? In dafa maka citta?"

Ranar godiyar kaka ta zo. Ya taka turmi, aka tura shi, ya tafi yana kaɗa ƙararrawa, yana ji a ransa Dogara ne ya dawo. A kan miƙaƙƙiyar hanya komai lafiya. Amma a gangaren rafi sai ga shanu suna ƙetarewa. Ya matse birki, keke ya tsaya cak. Ƙafar dama ta nemi ƙasa ba ta samu ba, ta hagu ma ta nema. A hankali, kamar ana kwantar da jinjiri, shi da keke da jakar littattafansa suka kwanta cikin laka.

Ya tashi, to amma a daji wa zai ba shi turmi? Ya gwada kututture, ya gwada suri, ya sāke faɗuwa. Haka ya tura keken har bayan dutse. Da ya isa rana ta karkata, kowa ya watse, sai wata tsohuwa, Iya Afiniki, tana naɗe tabarmi.

Ya gyara tsayuwa, laka na ɗiga daga kunnensa. "Ehhem! Jama'ar..."

"Bar tarin nan, ɗana," in ji ta. "Dogara mun yi kukansa har idonmu ya bushe. Ba shi muka share wa wuri yau ba. An ce mana Gayus zai zo. Ina Gayus ɗin?"

Ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Tsohuwar ta bar shi ya gama, sa'an nan ta ce, "Na roƙi mazan nan su bar gyaɗarsu a waje mako guda. Guda fa."

Kashegari ya koma wurin Baba Zakka kansa a ƙasa. Tsohon bai ce na gaya maka ba. Ya dai ce, "Uhm. Cire takalmi." Lahadi ta gaba Gayus ya riga kowa isa a kan ƙaramin koren keke, ya buɗe baki da siririyar muryarsa, jama'a suka matso kusa don su ji.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Hanyar ƙauyen ita ce aikin da Allah ya ba kowannenmu. Babban firam shi ne baiwar waɗanda suka riga mu: uwa mai addu'a, malamin da muryarsa ke cika majami'a, yayar da ke jan waƙa. Daidai ne mu yi kewarsu. Amma Ubangiji da ya auna su, shi ya auna mu, bai kuwa yi kuskuren awo ba. Wanda ya ce ba zai yi addu'a ba sai ya iya irin ta mahaifiyarsa, ko ba zai yi waƙa ba sai da muryar wani, ya hau abin da zai kā da shi ranar da ya fi bukatar tsayawa. Akwai masu jiranka a bayan wani dutse, kuma ba za su jira har abada ba. Ka je musu da abin da aka ba ka.