Jujin Aro

An ce, a wani tsohon littafi da gara ta cinye gefensa, wai an yi wani attajiri a Birnin Ƙirya ana kiransa Tunau Mai Goro. Ba ya zama cikin mutane sai ya gyara rawani ya ce, "Duk garin nan babu gidan da ya kai nawa cika. Mai musu ya je ya dubi jujin ƙofata. Gidan da ake ci, shi ke zubar da shara."

Jujin kuwa ya isa kallo, har ya kusa kamo kan katanga. Sai dai na aro ne. Tun da uwargidansa ta rasu, 'ya'ya suka bi fatake kudu ba su komo ba, barori suka watse da goro ya daina shigowa. Ya bar gari a kan cewa ya auro mata uku daga nesa, kuma da yake gidan kulle ne, ba mai wuce zaure. In rana ta take, kowa ya shige inuwa, sai ya zaga ta ƙofar baya da kwando, ya kwaso tokar maƙwabta da ɓawon gyaɗarsu ya ƙara a nasa. Da la'asar ya daka turmi wofi don a ji. Sa'an nan ya zauna shi kaɗai a tsakar gidan da ɗakunansa duk a rufe, ya dama 'yar fura ya sha.

A wajen kwasar nan ne tsingaro ya yanke shi a ƙwauri. Ciwon ya zama gyambo, kullum ƙara ci yake, babu mai dafa masa ruwan wanki, shi kuma ba ya iya kiran mai magani ya shigo ya ga gida.

An ce da damina ta kama, zawo ya shiga gari. Sarki ya tara manya, har da Tunau, ya ce, "Shara ta cika mana lunguna, magani ya fi ƙarfin talaka. Wa zai ɗauki nauyin wannan, wa zai ɗauki na wancan?"

Sarkin Kasuwa ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ja zamaninka, kowa ya share ƙofarsa, kowa ya sallami mai maganinsa. Kada a ƙaro mana haraji."

Waziri Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, in an ba ni izini, akwai labari. Wasu maƙwabta biyu ne suka yi gaba. Wannan ya share ya tura ƙofar wancan, wancan ya share ya mayar. Kowa yana ganin ya yi dabara. Ruwan sama ya zo, bai tambayi sharar wa ce ba, ya kwashe duka ya zuba a rijiyar da su biyun ke sha. Suka kwanta a rumfar mai magani ɗaya, kowa ya sayar da akuyarsa. Abin da na gani, kowane gida ya ba da kuɗin shara gwargwadon jujinsa. A sallami masu jakai su kai gonaki, saura a ba masu magani su riƙa bin wanda ba shi da mai jinya."

Da Tunau ya ji "wanda ba shi da mai jinya", sai ƙafarsa ta yi masa zogi har cikin ƙashi. Bakinsa ya buɗe zai ce madalla. Amma ya ga idanu sun juyo kansa, har wani na cewa, "To, mai babban juji, kai me ka gani?"

Ya miƙe yana ɓoye ɗingishi. "Zaki, kuɗin shara ko nawa ne na biya, gida cike ba ya tsoron wannan. Amma na magani ban yarda ba. Mu namu mu ke jinyarsu. Wanda ya wayi gari ba shi da kowa, halinsa ya ja masa."

Sarki ya ce, "To, mu je mu ga jujin da ake faɗa, mu auna maganar Waziri da ido."

Suna isa ƙofar Tunau hadari ya haɗo, ruwa ya tsinke. Sarki da jama'a suka fake a zaure. Kowa ya san baƙo ba ya zama a zauren mutum ba a kawo masa ruwa ba, balle Sarki. Aka zauna ana jira.

Tunau ya leƙa ƙofar ciki ya ɗaga murya. "Kai, a kawo wa Sarki ruwa!"

Ba a amsa ba.

"Ladingo! Tasalla! Ba ku ji ne?"

Sarkin Kasuwa ya ce, "Alhaji, ko ƙarar ruwa ce ta hana su ji?"

"Ita ce. Matan nan in sun samu hira..." Ya sake kira, wannan karon sunayen 'ya'yansa, ɗaya bayan ɗaya, har ya kai kan na autan. Babu abin da ya amsa sai indararo.

Ya shige da kansa. Iska ta bankaɗe asabari, jama'a suka hango tsakar gida: ciyawa ta kai gwiwa, murhu ɗaya, tabarma ɗaya a jingine. Ya fito jiƙe sharkaf da ƙwarya a hannu, wandonsa ya manne da ƙafa, jini da ruwa na bin ƙwaurin.

Sarki ya dube shi ya daɗe, sa'an nan ya cire alkyabbarsa ya yafa wa Waziri ya ce, "Maganarka ta zama doka. Gari ba ya sanin wa ke da kowa, wa ba shi da kowa, don mutum ya fi ɓoye kaɗaici a kan ɓoye dukiya. A fara da gidan nan."

Tunau ya durƙusa ya miƙa ƙwaryar. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, sun... sun je biki ne."

Ba wanda ya yi dariya. Sarki ya karɓa ya sha.