Ranar da Tekun Tsofaffi Ya Yi Ƙyalli

Akwai wata tsohuwa a ƙauyenmu na tsibirin Jeju, sunanta Chun-ja. Tun tana budurwa take nutso da numfashinta kawai, tana ɓamɓaro jonbok, dodon koɗin nan mai manne wa dutse. Da ƙarfinta ya fara ja baya, sai ta riƙa mafarkin teku yana kiran sunanta a hankali, kamar mai son a mayar masa da abinsa.

Wata safiya ta bi ta gidan kiwon jonbok, ta tarar da mai wurin yana haƙa rami. Ga bokiti cike da jonbok a gefensa: namansu ya yamushe, duk ƙuraje, ko manne wa bango ba sa iyawa.

"Da ransu za ka binne su? Kai ko tausayi babu!"

"Goggo, ƙwayar cuta ce. Ruwa take bi."

"Cutar gidanku! Teku ya haife su, shi zai warkar da su."

Ta fizge bokitin. A wurinmu sakin mai rai cikin ruwa aikin lada ne, ita kuwa ladan da zafinsa take so.

Aminiyarta Ok-ryon ta tare ta a hanya. "Yaya, ina zuwa da wannan wari?"

"Tekun tsofaffi."

Wurin nan ne mara zurfi da aka bar wa tsofaffin da ba sa iya nisa. Daga nan suke ci.

"Kin haukace? Mayar masa ya binne!"

"Matsa, sarkin tsoro."

Chun-ja ta shiga ruwan, ta jera su ƙarƙashin dutse tana yi musu waƙa.

Zafi ya shigo, ruwa ya yi ɗumi. Ranar da aka sake buɗe lokacin nutso, Chun-ja ta sauka. Ba ta taɓa ganin ƙasan teku da kyau haka ba. Ko'ina ƙyalli, shuɗi da kore, hasken rana na ratsa ciyawar ruwa yana lilo a kansu. Ta ɗauki ɗaya. Ba nauyi. Ta ɗauki wani. Ɓawo ne. Jonbok mai rai ai ba ya nuna cikinsa. Cutar ta bi ruwa, ta kashe har waɗanda ke wurin tun da.

Ta taso. Tsofaffi na shawagi rungume da gorunan iyo, ragarsu wayam. Ba wadda ta zage ta.

Ok-ryon ce kawai ta cire tabarau ɗin nutso, ta ce, "Yaya, kin ga kyau, ko? To faɗa mana yadda ake dafa shi."

Darasi: Tausayin da ya toshe kunne ɓarna ne, kuma a kan marasa ƙarfi yake sauka. Kafin ka yi alheri, saurari mai gargaɗinka. Ku tura wa mai taurin kan nan na gidanku, ai kun san shi.