Gidan da Farar Ƙasa Ta Tsallake

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, tun zamanin da gida sai ƙasa da azara. Sunansa Korau, sana'arsa tufkar igiya. Tun hantsi yana ƙofar zaurensa, rama a jiƙe a gefe, yana murzawa a cinya har la'asar. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Irin mutanen nan ne da sai sun mutu ake tuna an san su.

Matarsa Tasalla. Uku suka haifa, uku suka binne, suka rage su biyu a gidan da ya gada wajen ubansa: zaure, ɗaki guda na soro, madafi, da bishiyar kurna a tsakar gida. Wata safiya tana daka, taɓarya ta kuɓuce mata, ta faɗi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Hannu ya tafi, ƙafa ta tafi. Baki dai Allah Ya bar mata, ita kuma ba ta bar shi ya huta ba.

Ku saurara ku ji yadda ɗakin yake, don labarin duk a nan yake. Ƙofarsa matsattsiya ce irin ta mutanen da, sai an sunkuya. Dokin ƙofa ya kusa gwiwa, an ɗaga shi ne don ya tare ruwan tsakar gida da damina. Mai ƙafa biyu ba ya ma lura da shi. Amma ga macen da sai an ɗauka, da tsoho ɗan shekara saba'in da zai ɗauke ta, dokin ƙofar nan ganuwa ne. Sama kuwa gara ta shiga azara. In ka ƙwanƙwasa sai ta amsa kamar ƙwarya, gari ya zubo maka a ido.

Abin da ɗakin ke bukata a fili yake: sabuwar azara, a faɗaɗa ƙofa, a sassare dokin, a fitar wa ruwa wata hanya. Aikin magina ne, ba na mai igiya ba. Ka taɓa ƙofar nan ba sabon itace a samanta, bango ya sauko maka a ka.

To, a garin akwai wani taimako. Wani falke da ya mutu ba magaji ya bar gona da kurmin giginya waƙafi, a kan kowace shekara a sayar da amfanin gonar, a tsaga azara, a gyara wa talakawa gidajen da suka mallaka da kansu, gida uku a shekara. Aka damƙa aikin a hannun Sarkin Magina. Bayan kaka sai ya zaga unguwanni da sandarsa da ƙwaryar farar ƙasa. Gidan da ya ga ya fi lalacewa, ya shafa masa farar ƙasa a ƙofa, shi ke nan an zaɓe shi. Amma ba ya shiga. Baƙon namiji ba ya ƙetare zaure, gidan matan aure ne. Daga lungu yake dubawa.

Allah Ya jiƙan falke, ya mutu bai ga abin da 'yan Adam suka yi da niyyarsa ba. Ba a yi shekara biyar ba mutane suka gano hanya. Wannan ya daina yaɓe bangon waje. Wancan ya zare indararo, ya bar ruwa ya ci bango. Wani ya hau soro da kansa ya karya zanko. Har unguwa guda ta koma kamar an ci ta da yaƙi, alhali a ciki ana tuƙa tuwon shinkafa.

Korau kuwa kowace shekara sai ya kwaɓa ƙasa da ƙafarsa, ya yaɓe bangonsa da hannunsa, ya shafe shi sumul. Haka ya ga ubansa na yi. Saboda haka ran da Sarkin Magina ya biyo lungun, sai ya dubi bangon ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, ga mai kula da gida," ya wuce.

Kashegari Korau ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi ya durƙusa a gabansa.

"Ranka ya daɗe, ɗakina na ciki ne ya mutu. Azara ta zama gari, ga iyalina kwance ƙarƙashinta, ba ta iya fita."

"Allah Ya ba ta lafiya, Baba. Ka san mutum nawa suka gaya mini irin wannan tun jiya? Baki kowa na da shi. Ni bango nake tambaya, don bango ba ya ƙarya."

"To ranka ya daɗe, ka shiga ka gani. Tsohuwa ce, sai in lulluɓe ta."

"In na shiga naka, sai na shiga gida ɗari uku. Ka yi haƙuri, baɗi ma shekara ce."

Kada ku yi saurin zaginsa. Ba ɓarawo ba ne, bai taɓa cin ƙwayar waƙafin ba. Mutum ne dai da ya sami ƙa'ida ya jingina da ita ya huta, kuma irinsa sun fi ɓarayi yawa.

Korau ya dawo ya saro gwafa ya tokare rufin. Tasalla ta dubi itacen da ke tsaye a tsakiyar ɗakinta ta ce, "Malam, wannan baƙon fa? Ka yi masa shimfiɗa, ko a tsaye zai kwana?"

"A tsaye. Gadi ya zo."

"To ya fi ka amfani, shi ba ya tari."

Damina ta wuce da yoyo, ƙore jere a ƙasa suna tarar ruwa. Cikin wannan shekarar sau biyu ya yi ƙoƙarin fito da ita ta sha iska. Na farko suka kai gindin kurna da kyar. Na biyu ƙafarsa ta harɗe da dokin ƙofa suka faɗi tare, ta kwana bakwai tana nishi. Daga nan ba ta sake fita ba. Duniya ta koma mata iya abin da ƙofa ta nuna: ɗan gefen madafi da inuwar kurna, ba kurnar kanta ba.

Da kaka ta sake zagayowa, maƙwabcinsa Cindo, dillalin awaki, ya tarar da shi yana kwaɓa ƙasa.

"Malam Korau, yau ma kwalliyar za a yi wa amarya? Wallahi kai ne mutum na farko da na gani yana wanka zai tafi bara."

"Bango ne ya tsage, Cindo."

"To ka bar shi ya tsage mana! Ka ma taimaka masa. Hauya uku a gindi, ka zare indararo, shi ke nan. Ai kai ba ƙarya za ka yi ba, gidanka ya lalace da gaske. Ciki ne kawai za ka fito da shi waje."

Ku saurara, jama'a. Maganar Cindo ba maganar wawa ba ce. Da a ce ta wawa ce da ba jarrabawa. Kuma Tasalla ta ji ta, don sirrin zaure ba ya ɓuya wa mai kwance.

Da ya shigo kawo mata kunu, ba ta yi masa tsiya ba. Abin da ya ba shi tsoro ke nan. Ta daɗe tana kallon rufi, sannan ta ce, "Malam, ban taɓa roƙonka zane ba, ban taɓa roƙonka awarwaro ba. Ina jin garar nan tana ci. Kai kana waje, ni nake jin ta. Ina tsoro. Ka fasa bangon."

Bayan azahar, lokacin da rana ta kori kowa daga lungu, ya ɗauki hauya ya fita ya tsaya gaban bangonsa. Ya ɗaga ta. Sai idonsa ya faɗa kan gidan da ke fuskantarsa, na wata makauniya, Ladingo, mai jikoki marayu biyu mata. Nata bangon ba wanda ya taimaka masa, da kansa ya faɗi, ta rataya tsohon zana a gurbinsa, karnuka na shiga suna fita. Gida uku ake zaɓa. Masu wayon unguwa sun riga sun shirya nasu. In ya shiga layinsu, ba su zai ture ba, ita zai ture.

Ya sauke hauyar, ya koma ciki ya zauna a bakin gadon.

"Na kasa."

"Na sani," in ji ta. "Tun da na ji shiru na sani."

"Gidan Ladingo na gani."

"Ladingo ko ba Ladingo, da ka samo wani dalilin. Shekara arba'in ina zaune da kai, ko igiya gajera ba ka taɓa sayarwa a kan doguwa ba." Ta juyar da kai wajen bango, hawaye na gangarowa ta ɓarin da ba ta iya sharewa. Ya share mata. Can ta ce, "Miƙo kunun, ya huce. Gaskiya dai ba ta ɗumama shi."

A shekarar farar ƙasa ta sauka a ƙofar Ladingo, da ta wani mahauci, da ta Cindo. Ta tsallake ta Korau.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce wani baƙo ya zo da jakar zinari, ko an tono tukunya a gindin kurna. Ba a tono komai ba. Masu gaya muku cewa gaskiya kullum a nan duniya take biya, ba su daɗe a duniyar ba.

Tsakiyar damina aka yi marka, kwana uku ruwa bai ɗauke ba. Ran na uku da la'asar Korau na madafi yana fama da ɗanyen itace, ya ji Tasalla ta kira shi da sunansa, abin da ba ta taɓa yi ba tun aurensu. Ya ruga. Gwafa ta lanƙwashe, ƙasa na zubowa. Ba shi da ƙarfin ɗaukarta, sai ya jawo ta a kan tabarma. Ya ja, ya ja, har bakin ƙofa. Shi ya ƙetare, tabarma ta tsaya a dokin. Ya sa hannu ƙarƙashin hamatarta yana ɗagawa, yana kiran maƙwabta, ruwa na shanye muryarsa. Ta ce masa, "Sake ni, Malam." Bai sake ba. Rufi ya sauko.

Mutanen unguwa suka tono su. Cindo ne ya fi kowa tono, da hannu, yana kuka, ku rubuta masa wannan. Korau ya fito da karyayyen hannu. Tasalla kuwa an fito da ita tsakar gida a ƙarshe, mutum huɗu suka ɗauke ta, ba su sha wata wahala ba, don yanzu ba ƙofa.

Bayan sadakar bakwai, Sarkin Magina ya zo da kansa, ba lokacin zagaye ba, da ƙwaryarsa a hannu. Daga lungu ana hango ɓaraguzai ta saman katanga. Ya yi ta'aziyya, ya tsoma hannu zai shafa.

Korau ya ce, "Dakata, ranka ya daɗe. Wa za a gyara wa?"

"Kai mana, Baba. Bana kai ne na farko."

"Ni zaure ya ishe ni. Wadda za a faɗaɗa wa ƙofa an yi mata ɗakin da ba a fita." Sarkin Magina ya sunkuyar da kai. Sannan Korau ya ce, "In rabona ne, to ka ba ni shi in kai inda na ga dama. Ka samo tsohuwa guda mai amana, ka ba ta sandarka. Kai ka tsaya a zaure, ita ta shiga ta ƙwanƙwasa azara ta fito ta gaya maka. Zan nuna maka inda za ku fara."

Ya kai su gida huɗu a unguwar, duka masu bango sumul. A ɗaya suka sami gurgu da ya shekara biyu bai ga masallaci ba. A wani suka sami mai jego kwance ƙarƙashin rufin da ya fi na Korau ruɓewa. Tun daga ranar aka canja yadda ake zagaye a garin. Korau ya ƙara shekara uku a zaurensa, yana tufka da hannu guda da haƙori, yana dafa wa kansa, yana cin abinci ba mai yi masa tsiya. Wanda bai ɗanɗana wannan shirun ba, kada ya ce ya san nauyinsa. Sannan ya bi Tasalla.

To, ga darasin, ba zan ɓoye shi cikin zance ba. Mai gaskiya ba ya sayen sauƙinsa da haƙƙin wanda ya fi shi rauni, ko da kuwa abin da zai biya shi ne mafi soyuwa gare shi, kuma ladansa na wajen Wanda ba Ya duba daga lungu. Wannan na Korau ne, ya tafi da abinsa.

Naku shi ne wannan. Yau ma ana raba taimakon gyaran gidaje, daga hukuma, daga ƙungiya, daga asusun masallaci, wasunku ma su ke riƙe da alƙalamin. Wa kuke ba wa? Wanda ya iya kuka. Wanda ya wanke rigarsa guda ya zo sahu ya tsaya kusa da ku, kuna tambayarsa lafiya ya ce lafiya lau, kun gaskata shi don hakan ya fi muku araha. Kai da ka karya zankonka don a ba ka, ka sani gurbin wani ka shiga, kuma za a tambaye ka shi. Kai kuma maƙwabci, yaushe rabonka da ganin tsohuwar gidan da ke jikin naka? Ka taɓa tambaya ciwo ne ya hana ta fitowa, ko matakala uku ce da buhun siminti guda zai gyara? Ka tura iyalinka su shiga su gani, yau, kafin hadari ya haɗu. Zuwa jana'iza dai na san ba za ku makara ba, kun iya wannan.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu kai wa na raye hannu tun suna iya kamawa.