Bangon Ɗakin Inna Yalwa

An ce wai a wani gari an yi wata malamar makaranta, Barira, wadda ta daɗe tana jinyar mahaifiyarta, Inna Yalwa, tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa tsohuwar magana. Da damina ta ɓata bangon ɗakin Inna, Barira ta sayo shuɗin fenti mai duhu. Sai ga yayanta Mudi ya sauka daga birni da farin fenti mai ƙyalli.

Ya dubi fentinta, ya dube ta, ya ce ba mai duhunta ɗakin majinyaci sai mai abin ɓoyewa: in ba ƙazanta ba, to wani ƙulli ne. Kafin la'asar zance ya zaga unguwa, maƙwabta suka fara leƙe ta katanga. Mudi ya kai ƙara wurin alƙali Malam Hambali, yana neman a ba shi Inna ya tafi da ita.

Barira ta tsaya gaban alƙali ba ta sunkuyar da kai ba.

"Allah ya gafarta Malam, ba zan yi kuka don a yarda da ni ba. Yaya ya san launin da ke burge baƙi, ni na san na Inna."

Alƙali bai gaskata kowa ba. Ya sa aka shafa fari a bango ɗaya, shuɗi a wanda ke fuskantarsa, gado a tsakiya. Da fenti ya bushe ya zo da kansa da hantsi, ya hana kowa magana, ya buɗe taga.

Rana ta faɗa kan farin bango, ɗaki ya haske fes. Mudi ya yi murmushi. Amma Inna ta runtse ido, hawaye na gangarowa, ta yi ta kokawa da jikinta har ta mai da fuska ga shuɗin, ta yi ajiyar zuciya.

Alƙali ya tambayi Mudi yaushe haske ya fara cutar da idon mahaifiyarsa. Mudi ya ce bai sani ba.

"Wadda ba ta magana ta ba da shaida," in ji alƙali. "Inna tana hannun wadda ta san hawayenta. Farin fentinka kuwa a shafa a zaure, inda baƙi ke tsayawa."

Kyan bango baƙo ke yabawa. Inda ɗaki ke yoyo, sai mai kwana cikinsa.